Kalmar da Erlend Ya Tafi da Ita

Ni ce ma'aji, ni ce mai share daɓe ran Asabar,
Thora Harcus, saba'in da ɗaya a duniya.
Cocinmu na bakin gaɓa, a tsibirin Orkney da iska ba ta hutu.
Mu goma sha tara ne, in kowa ya samu fitowa.

Ba mu da fasto na kanmu.
Jirgin fito ke kawo shi duk Lahadi ta uku,
in teku ta yarda.
In ta ƙi, Magnus makaniki ya karanta Zabura,
mu ce amin, mu sha shayi, mu kama hanyar komawa.

Shafinmu na intanet, Erlend ne ya gina shi.
Allah ya ji ƙan Erlend.
Ya bar mana tsani, ya bar mana rabin gwangwanin fenti,
kalmar sirri kuwa, da ita ya shiga kushewa.

Shekara huɗu shafin na faɗin sujada ƙarfe sha ɗaya,
yana gayyatar jama'a bikin girbi
da tuni aka cinye, aka kife kwanuka.
Mu kuwa mun koma ƙarfe biyu, saboda jirgi.
Wata Lahadi baƙuwa ta zo cikin yayyafi, tana tura keken jariri,
ta jijjiga ƙofa, ta tarar da kwaɗo.
Ta tagar gidana na gan ta.
Kafin in sami takalmi ɗaya ta sha kwana,
bayan jar rigarta kawai nake hangowa.

Shi ya tara mu daren Talata a ɗakin girkin coci,
mu biyar da kwamfutar jikan Magnus.
Na farko kyauta ne, in ji yaron.
Muka buɗe, sai ga tallar caca zaune a kan lokacin addu'a.
Magnus ya ce, araha dai ba ta ado.
Na biyu kuwa kamar gidan amarya,
wurin wa'azi, wurin baiko, wurin bidiyo kai tsaye,
fam ashirin da huɗu duk wata.
Na buɗe littafina ban ce komai ba.
Kuɗin man ɗumama ɗaki ke nan na sati biyu,
kuma gwiwoyin tsofaffi ba su san ado ba in sanyi na ratsawa.

Na uku yaron ya fi so.
Ya ce komai za ka iya da shi, in ka iya.
In ka iya.
Na ce, Rognvald, yaushe za ka tafi jami'a?
Ya ce, watan Satumba.
Ɗakin ya yi tsit, sai butar shayi ke tafasowa.

Inga Flett ce ta kashe maganar,
mai tamanin ba ɗaya, mai yatsu kamar saiwar citta.
Ta ce, ku miƙo min abin nan.
Wanda na iya sauya sha ɗaya ta koma biyu a cikinsa,
ba tare da yaro ya taɓa min hannu ba,
shi ne namu.
Na tsadar ya ɓatar da ita a lungu na uku.
Na yaron ya tambaye ta abin da ko shi sai da ya duba.
Wani ɗan fam shida, mara kwalliya, da ba mu ko kula shi ba,
minti tara ta yi, harshe a waje, gilashi a kan hanci,
sai ga biyu ta fito tsaye tana ƙyalƙyalawa.

Na rubuta kalmar sirri a bangon littafin kuɗi.
Inga ta sa tata a gwangwanin biskit,
Magnus a ƙasan murfin akwatin sifana.
Mutum uku ba sa tafiya dare ɗaya, in Allah ya so.

Hoton ƙofa muka sa, a buɗe, fentin rabi da rabi.
Ran Lahadi tun ɗaya da rabi ina bakin taga,
takalma biyu a ƙafa,
ko jar riga za ta dawo wucewa.